Mai Sakata ko Mai Ɗura Kanta: Wace Bindiga Ta Dace da Farautar Barewa?

Ranar 15 ga Nuwamba ta kowace shekara ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar Mishigan ta Amurka, kuma a wasu ƙananan garuruwan arewacin jihar har makarantu kan rufe saboda ita. A faɗin ƙasar, maharba kan kashe barewa kusan miliyan 6 a shekara, yawancinsu irin nan mai farin wutsiya, amma ba ta ƙarewa. Wajen shekarar 1900 an kiyasta cewa abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba, yau kuwa maganar miliyan 30 ake yi. Lasisi, da ƙayyade lokaci da adadi, da harajin kashi 11 cikin ɗari na bindigogi da harsasai wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkatar zuwa kula da namun daji, su suka dawo da ita. Ɗan'uwanmu da zama ya kai shi can, idan abokan aiki suka ja shi daji har abin ya shiga ransa, ya yi karatun koyon farauta ya karɓi lasisi, tambayar da zai fara cin karo da ita a kantin bindigogi ita ce: mai sakata kake so ko mai ɗura kanta?

Bambancin yana ga wanda ke yin aikin ɗuri. A mai sakata kai ne. Bayan ka harba, sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja ta baya ta tofar da kwanson da ya ƙone, ka tura ta gaba ta kwaso sabon harsashi, ka danne hannun ta kulle. Tsarin da Bajamushe Paul Mauser ya kammala a 1898 shi ne kakan yawancinsu, daga Winchester Model 70 ta 1936 zuwa Savage 110 ta 1958, Remington 700 ta 1962, da Tikka da ake ƙerawa a Finlan. Wanda ya tashi yana ganin tsohuwar bindigar 'yan sandan nan da ake kira mak-fo ya riga ya san irinta, domin Lee-Enfield ce ta Birtaniya, kuma da sakata take aiki.

Mai ɗura kanta kuwa, a yawancin na yanzu akwai ɗan ƙaramin rami a jikin bututun. Da harsashi ya wuce wurin, sai wani kaso na iskar da albarushi ya haifar ya bi ta ramin ya tura ƙarfen ciki baya, kwanso ya fita, sifirin ya dawo da ƙarfen ɗauke da sabon harsashi. Kafin ƙarar ta bar kunnenka ta shirya. Jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne, saboda haka kada a haɗa ta da bindigar yaƙi mai aman wuta muddin yatsa na kan kunama. Ita ma tsohuwa ce a daji: Remington Model 8, ƙirar John Browning, ta fito a 1906. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu sun saba da M1 Garand, kamfanoni suka biyo su da Remington 740 a 1955, 742 a 1960, sannan Browning BAR a 1967. A 'yan shekarun nan dangin AR-10, wadda Eugene Stoner ya ƙirƙira a shekarun 1950, sun shigo farauta sosai.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, wanda zai sayi bindigarsa ta farko ya sayi mai sakata, sai fa idan yana da dalili na musamman. Irin waɗannan dalilai suna nan, biyu daga cikinsu ma masu ƙarfi ne, zan zo kansu. Amma kafin ra'ayin kowa akwai doka, kuma sau da yawa ita ke yanke maganar.

Jihar Pensilbaniya, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi yawan maharban barewa, ta daɗe da hana harbin manyan namun daji da raifal, wato doguwar bindiga mai cin dogon zango, idan mai ɗura kanta ce. A 2017 ta sassauta ga ƙananan dabbobi, ta bar haramcin a kan barewa. Shi ya sa maharban jihar da ke son sauri suka rungumi Remington 760, wadda ake ɗura wa harsashi ta hanyar jan katakon gabanta. Mishigan da Niyok sun yarda da mai ɗura kanta amma kada ta ɗauki fiye da harsashi 6. Filorida ta tsayar da gidan harsasai a kan 5. Jihohi kamar Bajiniya da Kolorado sun sa mafi ƙarancin kaurin harsashi, wanda ya hana amfani da .223, wato harsashin da AR-15, ƙanwar AR-10, ta saba zuwa da shi. A Jamus an yarda, amma kada harsasan da ke cikinta gaba ɗaya su wuce 3. A Birtaniya babu zancen ma: bayan kisan Hungerford na 1987, dokar 1988 ta haramta manyan raifal masu ɗura kansu, don haka kusan duk mai bin barewa a tsaunukan Sikotlan sakata yake ja. Ostireliya ta ƙuntata su bayan kisan Port Arthur a 1996, Niyu Zilan ta haramta yawancinsu a 2019, bayan an kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch. Dokokin nan suna sauyawa, kuma kowace jiha tana buga ɗan littafin ƙa'idojin farauta duk shekara. A karanta na bana kafin a taɓa aljihu. Abin lura shi ne mai sakata tana shiga kusan duk inda aka yarda da raifal, wanda ke tunanin wata rana zai ƙetare iyakar jiharsa ya sa wannan a lissafi.

Idan doka ta ba ka zaɓi, sai ka dubi ƙasar da za ka yi farauta a cikinta, domin gardamar da ake yi a kan wace ce ta fi saiti ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da nisa. Wurin da ake nema a jikin barewa, huhu da zuciya a bayan kafaɗa, bai wuce faɗin ƙaramin faifai ba, kamar santimita 20. Mai sakata ta zamani, ko da mai araha ce, idan ta sami harsashin da ya dace da ita, tana iya tara harbi uku a cikin santimita 3 ko 4 daga nisan mita 100. Dalilin a bayyane yake. Sakata tana kulle harsashi daram a wuri ɗaya kowane lokaci, babu abin da ke motsi a cikin bindigar yayin da harsashi ke tafiya, kuma a yawancinsu bututun ba ya taɓa komai daga gindinsa har baki. Kunamarta ma ta fi laushi da tsabta, wasu har ana iya daidaita nauyin janta. Tsofaffin masu ɗura kansu irin 742 sukan watsa harbi santimita 5 zuwa 8 a wannan nisan. A mita 70 cikin kurmin Wiskonsin ko Men, wannan bambanci ba ya ceton barewa ko ɗaya. Amma watsuwar tana ninkuwa da nisa. A mita 300, santimita 3 ta zama 9, santimita 8 ta zama 24, ta fi faifan faɗi tun kafin a sa iska da rawar hannu a lissafi. A filayen Wayomin da Montana, inda barewa mai manyan kunnuwa ke hango mutum daga nesa kuma harbin mita 250 ba baƙon abu ba ne, mai sakata ce ke mulki, kuma ta cancanta.

Adalci ne a faɗa cewa AR-10 mai kyau ta yau tana iya yin kafaɗa da kafaɗa da mai sakata wajen saiti. Sai dai farashinta ya ninka, kuma nauyinta kan haura kilo 4 kafin a ɗora madubin saiti, alhali Tikka T3x Lite tana wajen kilo 3. Wanda zai zauna a ɗan dandamalin da aka kafa a kan bishiya daga asuba zuwa hantsi ba zai damu da kilo ɗaya ba. Wanda zai yini yana hawan dutse, kafaɗarsa za ta gaya masa tun kafin azahar.

Babbar hujjar masu ɗura kansu ita ce harbi na biyu, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi tunani sosai. Mutumin da ya horu yana iya sarrafa sakata ya koma kan saiti cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka. Wanda bai horu ba sai ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya kalli hannunsa, ya ja, ya ɗago, ya sake neman dabbar a madubi. Barewa mai farin wutsiya tana gudun da ya kai kilomita 50 a awa, wato wajen mita 14 a daƙiƙa. Cikin daƙiƙa biyu ta ci kusan mita 30, a kurmi kuwa wannan na nufin ta ɓace. Da mai ɗura kanta kuncinka ba ya barin katako, hannunka ba ya barin inda yake, idonka na kan dabbar. Wannan fifiko ne na gaske, ba na musunsa.

Abin tambaya shi ne sau nawa ake bukatarsa. Barewar da aka sama a huhu biyu sau da yawa takan zabura ta yi gudun mita 50 ko 100 kafin ta faɗi, ta riga ta mutu ƙafafunta ne ba su sani ba. Sabon maharbi da ya ga ta ruga yakan ɗauka ya kuskure, idan kuma bindigar a shirye take, yatsa kan riga hankali: harbi biyu, uku, huɗu a bayan dabba mai gudu tsakanin bishiyoyi, a dajin da wasu maharban ke ɓoye cikinsa. Ɗaya ya fasa cinya ya ɓata nama, ɗaya ya fasa tumbi, sauran Allah kaɗai ya san inda suka nufa. Mun gaji karin maganar cewa harbi ko a wutsiya ya fi kuskure. A farautar barewa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Wadda ka kuskure ta tafi lafiya. Wadda ka sama a baya za ta shiga ƙurmus ta kwana tana shan azaba, kai ka rasa nama, ita ta rasa rai a banza. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisa. Ga maharbi Musulmi da ya yi bisimilla ya ja kunama, wanda kuma zai yanka dabbar idan ya tarar da ita da rai, kyautatawar tana cikin harbin farko. Na lura cewa sanin akwai wasu harsasai huɗu a shirye yana rage wa mutum haƙurin jiran dabbar ta juyo da gefenta ta tsaya. Laifin na mutum ne, amma bindigar tana sauƙaƙa masa shi. Mai sakata tana tilasta ɗan tsaiko tsakanin harbi da harbi, kuma ga mai koyo wannan tsaikon alheri ne.

To ina harbi na biyu yake da cikakkiyar daraja? A inda dabbar ke zuwa da gudu tun farko. A wasu jihohin kudancin Amurka, irin su gabashin Bajiniya, Karolina ta Arewa da ta Kudu, Jojiya, Alabama da Misisipi, har yanzu ana farautar barewa da karnuka. Karnuka su tayar da ita daga fadama, maharba su tsaya a bakin hanyoyi suna dako. Wanda ya san farautar rani a ƙasar Hausa ya gane yanayin. Barewa takan ƙetare 'yar hanya cikin ƙiftawar ido a nisan mita 30 ko 40, babu lokacin tsayawa, babu na sakata. Haka a Faransa da Jamus, inda mutane ke kora dabbobi daga daji zuwa wajen maharba, Browning BAR da Benelli sun sami kasuwa saboda wannan. A irin wannan farauta mai ɗura kanta ba kwalliya ba ce, kayan aiki ce, kuma harbi na biyu kan zama shi ne mai gama wahalar dabbar da na farko ya raunata. Wannan shi ne dalili na musamman na farko.

Na biyu shi ne shuri. Duk bindiga tana dukan kafaɗa, kuma mai sakata mara nauyi da ke cin harsashin .30-06 tana duka da gaske. Mai ɗura kanta tana rarraba dukan, saboda ƙarfen ciki da sifirin suna shanye wani sashe su saki a hankali, ga kuma ƙarin nauyinta. Ga dattijo mai ciwon kafaɗa, ko mai ƙaramin jiki, wannan na iya zama bambanci tsakanin ci gaba da farauta da daina ta. Tsoron shuri ne ke sa mutum runtse ido ya fizgi kunama, kuma babu abin da ke lalata harbi kamarsa. Amma kafin ka kashe kuɗi saboda wannan kaɗai, gwada ƙaramin harsashi a mai sakata. .243 Winchester da ya fito a 1955, ko 6.5 Creedmoor na 2007, suna kashe barewa sarai, shurinsu kuma yaro ɗan sakandare na iya ɗauka.

Wajen juriya, mai sakata ta yi gaba, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Lokacin farauta a arewacin Amurka lokacin dusar ƙanƙara ne. Man bindiga yana daskarewa, ruwa na shiga ya ƙanƙare. Idan sakata ta yi tauri, hannunka na da ƙarfin tilasta ta. Mai ɗura kanta ba ta da abin dogara sai iskar albarushi da sifirin, idan datti ko daskararren mai ya rinjaye su sai ta cije, kuma takan cije ne daidai lokacin harbi na biyun da aka saye ta dominsa. Tsabtacewa ma haka. Sakata ana zare ta gaba ɗaya da danna maɓalli ɗaya, ka leƙa bututun daga baya har ka ga haske, ka goge shi. Irin su 742 da BAR ba sa buɗewa haka, ta baki ake goge su, mazaunin harsashi kuma sai da ɗan lanƙwasasshen buroshi. Wanda ya yi sakaci ya jingine ta da danshi bayan kaka, tsatsa ta kama mazaunin, badi kwanso zai maƙale. Yawancin mummunan sunan da 742 ta yi wajen cijewa daga nan ya samo asali, tare da sassan cikinta da ke cinyewa idan ta sha harbi da yawa. An daina ƙera ta da magadanta, saboda haka wanda aka yi wa tayin ta hannu da araha ya kai wa mai gyaran bindiga ya duba kafin ya biya.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa a kanti ba. Ba a hawa bishiya da harsashi a baki, sai an zauna ake ɗurawa. Sakata kana iya tura ta a hankali, shiru, cikin duhun asuba. Mai ɗura kanta tana so a sake ta ta buga da ƙarfinta kafin ta kulle sosai, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe kuwa tana tafiya da nisa a dajin da ko ganye ba ya motsi. Idan ka raka ta a hankali don gudun ƙara, tana iya ƙin kullewa, ka ja kunama a gaban barewa ka ji shiru. Bayan harbi kuma, a lokacin da zuciya ke bugawa, jiki na rawa, mutum na son saukowa da sauri, mai ɗura kanta tana ɗauke da sabon harsashi a shirye. Mai sakata kwanson da ya mutu ne a bakinta har sai ka ga dama. Ga gidan da uba zai koya wa ɗansa, wannan kaɗai ya isa hujja a wurina.

Kuɗi ba ya bukatar dogon bayani. Ruger American ko Savage Axis ana samun su a 'yan ɗaruruwan daloli, sabuwar BAR kuwa ta haura dala dubu, ninki biyu ko uku ke nan. Rarar ta fi amfani idan ta tafi ga madubin saiti mai kyau, domin barewa ta fi motsi da sassafe da goshin magariba, lokacin da madubi mai araha ke duhu, da kuma akwatunan harsasai na atisaye. Zaɓin harsashi ma ya fi faɗi a mai sakata, tana cin mai nauyi da mara nauyi ba tare da ƙorafi ba: .270 Winchester na 1925, .308 na 1952, .30-06 na 1906, duk suna nan a kowane kanti.

Wuri ɗaya da lissafin ya ɗan sauya a shekarun nan shi ne jihohin da a da ba sa yarda da raifal sam saboda yawan gidaje da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ohayo da kudancin Mishigan a 2014, da Ayowa a 2017, sun buɗe ƙofa ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso, waɗanda ba sa cin dogon zango. Winchester ta fito da 350 Legend a 2019 saboda wannan kasuwa, kuma yana shiga AR-15 kamar yadda .450 Bushmaster ke shiga. Wanda yake da AR-15 a gida, a jihar da ta yarda, yana iya sauya rabinta na sama da gidan harsasai ya sami bindigar barewa mai sauƙin shuri, mai aiki har wajen mita 200. A wannan yanayi ba zan ce ya je ya sayi wata ba. Ya dai tuna Ohayo ba ta yarda da fiye da harsashi 3 a cikin bindiga ba.

Wanda ya zaɓi mai sakata, aikin da ke gabansa shi ne ya koyi jan ta ba tare da ya sauke bindigar daga kafaɗa ba, da ƙarfi har ƙarshe baya da gaba, domin jan rabi shi ne kusan hanya ɗaya tilo da take cijewa. Ana sayar da harsasan roba na atisaye, minti goma a falo da bindigar da aka tabbatar babu komai cikinta suna rage tazarar da ke tsakaninta da mai ɗura kanta fiye da yadda ake zato. Wanda ya zaɓi mai ɗura kanta kuwa, ya sayi irin harsasai biyu ko uku ya gwada su a filin harbi tun watan Oktoba, ya tsaya a kan wanda ba ta taɓa cijewa da shi ba, ya goge man rani ya sa ɗan kaɗan na sanyi, ya kuma harba ta ko sau ɗaya ne a safiyar da ruwa ya daskare kafin ranar buɗe daji.